Ku Tambaya Mu Amsa: Manyan mutane da 'yan sojojin roba a kan tebur, wai har abota ake samu?

Wannan makon wasiƙu uku ne suka faɗo kan abu ɗaya, wato wasan yaƙi na kan tebur da na taɓa ambata kwanaki cikin hira kawai, ashe na tono wa kaina aiki. Na haɗa su wuri guda, sauran tambayoyin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai shekarata 34, aiki ya kai ni garin da ban san kowa ba, daga ofis sai ɗaki sai latsa waya. Wani abokin aikina ya ja ni gidansa ran Asabar, na tarar da manyan mutane har da mai furfura sun kewaye tebur an jera 'yan sojoji ƙanana an yi musu fenti, ga tef ɗin awo ga 'ya'yan lido, suna ta musu kan wai dawakai sun isa gada ko ba su isa ba. Wallahi da farko dariya ta so ƙwace min amma awa huɗu na yi ban taɓa waya ba. Sun ce in dawo. Toh wannan abin ba shirme ba ne ga babba? Kuma da gaske ana samun abokai na ƙwarai ta nan, ko dai in an naɗe tebur kowa kama gabansa yake?

AMSA: Ɗan'uwa, awa huɗu ba waya a wannan zamanin ai ka amsa rabin tambayarka da kanka.

Batun shirme tukuna. Abin nan daga hannun hafsoshin soja ya fito. A 1812 wani mai suna Reisswitz ya kai wa sarkin Furushiya, wato wani yanki na Jamus ta yau, wani tebur na wasan yaƙi, sai ɗansa wanda shi hafsan soja ne ya gyara dokokin a 1824 ya koma yin sa a kan taswira ta gaske, ɓangare ɗaya ja ɗaya shuɗi ga alƙali a tsakiya. Shugaban hafsoshinsu Janar Müffling da ya gani cewa ya yi wannan ai horon yaƙi ne, a ba sojoji su koya. Da suka ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 sai sauran ƙasashe kowa ya fara kwaikwayo. Shigowarsa gidajen farar hula kuma, marubucin nan na Ingila H.G. Wells yana da hannu, a 1913 ya fitar da littafin dokoki mai suna Little Wars, kuma shi da kansa ya ba da labarin yadda abin ya faro: abokinsa Jerome K. Jerome ne ya zo masa ziyara, ya ga sojojin wasan yara da 'yar igwa mai harba tsinke a kan tebur, ya ja kujera ya zauna ya fara harbi. Ka ga tun farko ma baƙo ne da mai gida. Wells ya ce gara a yi ƙaramin yaƙi a ƙasan ɗaki da a yi babba da mutane, shekara ɗaya bayan nan yaƙin duniya na farko ya ɓarke.

Yanzu abota, wadda ita ce ainihin tambayarka. Wannan wasa sai da abokin karawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma in ka bi tarihinsa kusan duk labarin neman abokin karawa ne. A shekarun 1950 mutum zai tara sojojinsa yana zaton shi kaɗai ne mai wannan haukan a duniya, sai wani Jack Scruby a Kalifoniya ya fara buga wata 'yar mujalla a 1957 mutane suka fara ganin sunayen juna. A Ingila Donald Featherstone, tsohon sojan tanka da ya koma aikin gashin ƙashi a Southampton, ya riƙa fitar da tasa daga 1962 har 1980, kuma a garin nan nasu akwai Tony Bath wanda ya zama amininsa ta dalilin wasan. A Amurka kamfanin Avalon Hill ya fara mujallar The General a 1964, kuma shafin da mutane suka fi rububi shi ne na cigiyar abokin karawa, ka rubuta sunanka da garinku ka ce wa zai kara da ni. Wanda bai samu na kusa ba sai ya yi ta gidan waya, ka aika motsinka a wasiƙa ka jira amsa, wasa ɗaya ya ci watanni. Abin da ya fi burge ni ma, tunda ba ka ganin ɗan lidon da wancan ya jefa, sai su yarda cewa lambar da ta fito a shafin kasuwar hannun jari na jaridar rana kaza ita ce ɗan lidonsu. Dubi irin wahalar nan duk dan a samu wanda za a zauna da shi.

Wani Ba'amurke mai suna Gary Gygax ma haka ya tara kusan mutum ɗari a wani zaure a Lake Geneva ta jihar Wisconsin a 1968, taron da ya zama Gen Con, wato babban taron masu wasannin tebur na shekara-shekara, a na shekara mai bi masa ya haɗu da Dave Arneson, su biyun suka fitar da shahararren wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons a 1974. Amma kar in yi maka daɗin baki, daga baya kuɗi ya shiga tsakaninsu har kotu suka je.

A ganina dalilin da ya sa teburin yake haɗa mutane shi ne maza da yawa ba su iya zama ido da ido su yi hira haka kawai, sai in akwai wani abu a gaba da ake kallo. Kuna jiran wani ya gama awo sai ka ji ɗaya ya ce mahaifinsa na asibiti, wani ya ce an sallame shi daga aiki, maganar da in a waya ce ba za ta taɓa fitowa ba. Sannan halin mutum ba ya ɓuya a wurin, za ka ga mai ƙara rabin inci in ka juya baya, za ka ga wanda zai tuna maka dokar da ka manta alhali shi za ta kayar. Wannan na biyun ka riƙe shi.

Yawancinsu abokan tebur za su zauna kuma ba laifi ba ne, ɗaya ko biyu ne za su wuce nan. Ka koma. Kar ka yi gaggawar sayen runduna, ara za su ba ka, masu wannan harkar ba abin da suke so kaman sabon shiga. Ka riƙa zuwa da wuri ana jera bishiyoyi da tsaunuka da kai, in an tashi ka tsaya a kwashe da kai, a nan ake sanin juna.

TAMBAYA: Malam ni maigidana ne. Kullum dare yana zaune da burushi siriri kaman gashin ido yana yi wa wasu 'yan mutane fenti, kwalaye sun cika kabad wasu ko buɗe su bai yi ba kuma yana ƙara sayowa. Ga 'ya'yan lido cike da gwangwani. Anya ba caca suke yi ba in sun taru?

AMSA: Malama, a ƙa'idar wasan ba a sa kuɗi, wanda ya ci ba abin da yake tafiya da shi sai baki. Aikin ɗan lidon shi ne ya tsaya a madadin abin da kwamanda ba shi da iko a kai, misali doka ta ce harbi zai samu in an jefa 4 ko sama, kin ga rabi da rabi kenan, sauran kuma dabarar inda ka ajiye mutanenka ce. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki ce ya yi zama ɗaya a gida ki gani da idonki.

Inda nake bayanki shi ne kwalayen. Wannan ciwon kusan duk masu harkar suna da shi, su da kansu suna yi wa juna tsiya a kai, saye ya fi fenti sauri. Ɗan soja ɗaya tsawonsa wajen milimita 28 ne amma yana iya cin dare guda, runduna kuma sai a haɗa da yawa, ga kamfanoni irin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975 masu wasan yaƙin da ake kira Warhammer, ba sa gajiya da fito da sabbi. Ku zauna ku yanke abin da zai riƙa kashewa a wata, kuma ba sabon kwali sai ya gama na hannu. Fentin ma ya dawo da shi falo kusa da ke. Kawai dai kar ki ce za ki yi masa shara ki zubar da wani abu, wancan ɗan guntun da kike gani kaman datti wataƙila hannun janar ne.

TAMBAYA: Salam Malam. Shekara uku muna wasa da wani abokina, ranar nan muka yi sa'insa kan ko maharbana suna hango mutanensa ta bayan wani gini, na ce yana cuta ya tattara kayansa ya tafi. Sati biyu kenan ba kira. Kuma wallahi ni ke da gaskiya.

AMSA: Ƙila kai ke da gaskiya kan ginin, amma kalmar cuta da ka jefa masa ta fi ginin nauyi, dan duk wasan a kan yarda yake tafiya, shi ke auna nasa kai ke auna naka ba mai bin wani da tef. Ka ce masa macuci a kan abin da ƙila kuskuren ido ne.

Rigimar nan tsohuwa ce, shi ya sa tun na Furushiya suka sa alƙali, har a 1876 wani hafsansu Verdy du Vernois ya kawo salon rage dokoki a bar wa alƙali ya yanke da saninsa. Ku da ba ku da alƙali, kafin a fara ku bi teburin ku yarda wane gini ne ke tare gani wane daji ne ke rage gudu. In za ka motsa ka faɗi niyyarka da baki, ka ce na ajiye su nan dan kar ka hango su, ka yarda? In ya ce eh magana ta ƙare. In kuma an cije a tsakiyar wasa ku jefa ɗan lido ɗaya, 1 zuwa 3 taka 4 zuwa 6 tasa, a ci gaba, a duba littafi bayan an tashi.

Kai za ka kira, kuma yau. Kar ka soma da ginin, ka ce kalmar da na faɗa ban kyauta ba, ran Asabar tebur na nan. In ya zo ka bar shi ya jera gine-ginen da hannunsa.