Yadda muke sa baki a tsarin titunan unguwarmu a Landan

Yaya, ka tambaye ni ko da gaske ne ana hana motoci bin titi a nan saboda yara, kuma wa yake yanke hukuncin. Gaskiya ne. A layin makarantar firamaren unguwarmu, lokacin shiga aji da lokacin tashi mota ba ta wucewa, sai ta mazauna layin da wasu da aka ba izini. Kyamara ce ke gadi, wanda ya kutsa takardar tara za ta iske shi har gida. Ƙaramar hukumar Hakni da ke nan Landan ta fara irin wannan tsarin a 2017, yanzu abin ya bazu.

Ba haɗarin mota kaɗai ake gudu ba, har da hayaƙi. Wata yarinya mai suna Ella, 'yar shekara 9, da gidansu ke kusa da wata babbar hanya a Luwisham, wani yanki na Landan, ta rasu a 2013 bayan fama da asma. Mahaifiyarta ba ta haƙura ba, har a Disamba 2020 kotun binciken musabbabin mutuwa ta ce gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalinta. Tun daga nan iyaye da yawa suka farka.

Ƙaramar hukuma ce ke yanke hukunci, amma tana neman jin ta bakin mazauna. Za a jefo takarda ta ƙofa da taswirar layin, a sa ranar taro, wani lokaci a gwada tsarin na watanni, iyakarsa 18, kafin a tabbatar ko a janye. A nan ne mu Hausawan unguwar muka ɗaure ɗamara, domin wanda bai zo ba, ba a san da kukansa ba. Ana sanarwa bayan sallar Juma'a, a tura a zauren WhatsApp, samari su zauna da dattawa su cike musu fom a waya. Mata kuwa su ne ƙashin bayan abin. Uwar da ke tura keken jariri, tana riƙe da hannun wani yaron, ita ta san kwanar da motoci ke shanyowa da gudu, da inda fitila ta mutu. In ta ɗora yatsa a kan taswira, injiniya rubutawa yake yi.

Ba kullum bakinmu ke zuwa ɗaya ba. 'Yan'uwanmu direbobin tasi suna kukan zagaye da asarar lokaci, kuma abincinsu ne. Wasu na cewa an kori cunkoso ne zuwa manyan hanyoyi, inda masu ƙaramin ƙarfi suka fi zama. Wannan ƙorafin yana damuna ƙwarai, don yaran can ma huhu gare su. Shi ya sa a taron da ke tafe za mu nemi a auna iskar babbar hanyar, a kuma sa mashigar masu tafiya a ƙasa kusa da islamiyya.