Shin naci kaɗai ke kai mutum gaba a wurin aiki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko naci da yarda cewa basira na ƙaruwa da ƙoƙari ne ke kawo nasara a aiki. Suna taimakawa, amma an zuzuta su fiye da kima. Masana halayyar ɗan'adam Angela Duckworth da Carol Dweck ne suka yaɗa batun daga Amurka, kuma yawancin binciken a kan ɗalibai aka yi shi. A 2017 Marcus Credé da abokansa suka tattara nazarce-nazarce da dama, suka gano tasirin naci matsakaici ne, kuma nacin kansa kusan ɗaya yake da halin himma da masana suka daɗe da sani. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu shugabanni ke fakewa da maganar: ma'aikaci ba kayan aiki, ba mai koya masa, albashi bai isa ba, sannan a ce masa rago.