"Sick" a bakin Bature: yabo ne, amai ne, ko zagi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abu biyu kika tambaya. Abokiyar aikinki a Ingila ta ga hoton lallen da kika yi wa amarya ta rubuta "this is sick", kika rasa ko yabo ne ko baƙar magana. Sannan a gidan kula da tsofaffin da kike aiki an ce miki wata tsohuwa "has been sick", kika ɗauka jikinta ne ya tashi, sai kika ga ana ta canza zanen gado.

Na farkon kwantar da hankalinki, yabo ne, kuma babba. Abin da ta ce daidai yake da a ce lallen ya yi masifar kyau. Mu ma haka muke yi: bala'in daɗi, mugun kyau, shegen wayo. Ɗan wasa ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo, gidan kallo ya ɗauka da "shege!", ba wanda zai ce an zagi uwarsa. Turawa sun yi wa "bad" da "wicked" irin wannan juyin kafin su zo kan "sick". Wannan ma'anar ta yaɗu ne daga samarin Amurka masu wasan allon taya da na hawan igiyar teku a shekarun 1980, ta shiga bakin mawaƙan gambarar zamani, yanzu ta zauna daram a bakin matasan Landan. Ana ɗora ta a kan abu ko aiki: takalmi, mota, ƙwallon da aka ci, girki. Ana kuma faɗinta ita kaɗai, ki ce wa yarinya an ba ki hutun Sallah ta ce "sick!", wato madalla. In aka ce yaro "is sick at football", gwani ne. Sai dai maganar yara ce. Manajarki mai shekara 55 ba za ta faɗa ba sai da zolaya, kuma ba ta shiga takardar aiki ko hira da iyalan majinyaci.

Ta biyun ita ce ta fi cancantar a zauna a kanta, domin a nan kuskure yake iya taɓa lafiyar mutum. Turancin da muka koya a makaranta, da na Amurka, in an ce mutum "is sick" ba shi da lafiya ke nan, daga mura har ciwon ajali. Shi ya sa ɗakin jinyar makarantar kwana ake ce masa "sick bay". A Birtaniya kuwa, a maganar yau da kullum, kalmar ta fi karkata ga ciki. "I feel sick" tashin zuciya ne. "I'm going to be sick" amai ne yana tafe, ki miƙo roba yanzu, ba lokacin tambayar ina ke ciwo ba ne. "She has been sick" ko "she was sick twice in the night" ta riga ta yi amai, sau biyu cikin dare. Har suna suke mayar da ita: "there's sick on the floor", aman ne kansa a ƙasa, kuma ƙaramin kwanon kwali da ake tara wa majinyaci "sick bowl" ake ce masa. Shafukan hukumar lafiyarsu ta NHS ma haka suke rubutawa, "feeling sick" a madadin tashin zuciya, "being sick" a madadin amai. In rashin lafiya kawai suke nufi sai su ce "ill", "unwell", ko "poorly", wadda za ki fi ji a bakin tsofaffi da mutanen arewacin Ingila.

Ga inda abin yake lalacewa. Mai aikin dare ta miƙa miki aiki da safe ta ce tsohuwar ɗaki na 4 "was sick after her tablets". Ke kin ji "ba ta ji daɗi ba bayan ta sha magani", kin rubuta hakan, kin wuce. Alhali amai ta yi, wataƙila ƙwayoyin sun fito tare da shi. Tambayoyin da ya kamata su biyo baya daban ne: ƙarfe nawa, minti nawa bayan shan maganin, an ga ƙwayar a ciki, wane launi ne, akwai jini ko wani abu baƙi kamar garin kofi. Ba a sake ba da maganin da ka, sai an tambayi nas ko mai harhaɗa magani. Mai ciwon suga da ta amayar da abinci bayan an yi mata allurar insulin sugarta na iya faɗuwa. Tsohuwar da haɗiya ke yi wa wuya kuma aman na iya sarƙe ta ya gangara huhu, don haka a zaune ko a kan gefe ake ajiye ta, ba rigingine ba. Duk wannan yana rataye ne a kan yadda kika fassara kalma ɗaya. Maganinsa mai sauƙi ne: duk sanda kika ji ta a wurin aiki ki ce "do you mean vomited?", ke kuma a rubutunki ki sa "vomited" ko "nauseous". Ba wanda zai raina ki don kin tambaya.

Kuma ta ɗaya ɓangaren ma yana faruwa. Zazzaɓi ya kama ki, kin kira kin ce "I was sick yesterday", sai manaja ta ce kada ki dawo sai bayan awa 48. Ba korarki take yi ba. Amai ta ji, ita kuma ƙa'idar amai da gudawa a irin waɗannan gidaje ita ce a zauna a gida har kwana biyu bayan sun tsaya, saboda ƙwayar norovirus da ke bin gida ɗaki-ɗaki cikin hunturu. Ki faɗi abin da ke damunki da sunansa: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon baya.

Amma kada ki ce ashe kullum amai ce. A harkar aiki tsohuwar ma'anar tana nan: "off sick" rashin zuwa aiki saboda jinya, "call in sick" kiran waya a sanar, "sick pay" kuɗin da ake biya a lokacin. Takardar likita da kowa ke kira "sick note", tun 2010 sunanta a hukumance "fit note", kuma ba a neman ta sai jinya ta wuce kwana 7, har da ranakun hutu a lissafin. Ƙasa da haka ke ce za ki shaida da kanki. "Pull a sickie" kuwa ƙaryar ciwo ce don a ƙi zuwa aiki, kada ki faɗe ta a kan kanki ko da wasa a gaban shugaba.

Saura masu ɗaci. "Sick of" ƙosawa ce: "I'm sick of this rain", ruwan ya ishe ni. "Worried sick" hankali ne ya tashi matuƙa. "A sick joke" barkwanci ne a kan mutuwa ko masifar wani, irin wanda ba ya ba mai hankali dariya. "You make me sick" ƙyama ce tsantsa. Nan ne fa kalmar yabon take da ƙaya: "that's sick" da murmushi yabo ne, "that's sick" da yamutsa fuska a kan labarin wanda ya cuci yaro yana nufin abin ƙazanta ne, aikin mai karkatacciyar zuciya. A rubuce babu murya, sai ki duba abin da aka ɗora ta a kai da alamar da ta biyo baya. Hoton lalle da alamar wuta ko zuciya, ai magana ta ƙare. Shawarata, ki fahimce ta in an faɗa miki, amma kada ki yi gaggawar ce wa mutum "you're sick" da niyyar yabo, don tsakaninta da "kanka ba daidai ba" siririn zare ne.

"Sickler" da ake ce wa masu amosanin jini a Najeriya ba daga wannan kalmar ta fito ba. Daga "sickle" take, wato lauje, saboda siffar ƙwayar jinin, kuma masu ciwon da yawa ba sa son a kira su da ita.

Sai lafazi, wanda ya shafe mu kai tsaye. Harshen Bahaushe yakan mayar da "th" ta koma "s", sai "thick" ta fito "sick". A wurin aikinki kuwa kullum ana maganar kauri, tunda masu wahalar haɗiya ana kaɗa musu garin kauri a ruwa da shayi. Ki sa bakin harshe tsakanin haƙora ki hura iska, shi ne "thick". Ita ma ki tsayar da ita a kan shayi da miya, don in kika ɗora ta a kan mutum a Birtaniya, daƙiƙi kika ce masa.