Tambayoyinku kan fasaha: ku yi lissafin data kafin ku sauke farantin satalayit

Tun da aka koma kakar Firimiya akwatin saƙona bai huta ba, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce, riga kawai take sauyawa: yaya zan kalli ƙwallo ba tare da na biya kuɗin dikoda ba? Na tsamo guda bakwai. Masu tambayar yadda ake dawo da hotunan da aka goge, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Malam, kuɗin DStv ya ishe ni. Ina da talabijin mai shiga intanet, kuma na ji mutanen Amurka sun daina amfani da dikoda, ta intanet suke kallon wasa. Idan na bi sahunsu zai fi mini sauƙi? (Wani magidanci, daga Zariya)

Yallaɓai, kukanka yana kan hanya. A watan Maris na 2025 tsarin Compact ya tashi daga naira 15,700 zuwa 19,000, Compact Plus ya koma 30,000, Premium kuwa 44,500. Amma Ba'amurken da ka ji labarinsa yawanci yana da intanet na gida da yake biya sau ɗaya a wata, ya kwana yana kallo ba ruwansa. Kai kuwa awo ake maka, kamar mai sayen gero da tiya.

Ɗauko biro. Wasa ɗaya, idan ka haɗa hutun rabin lokaci da mintunan da alƙali ke ƙarawa, awa biyu ne. Hoto mai kyau irin wanda ba zai farfashe a babban talabijin ba yana jan kamar megabit 5 a kowace daƙiƙa, wato sama da GB 2 a awa, kusan GB huɗu da rabi a wasa guda. Ka kalli uku a ƙarshen mako, biyu a daren Talata da Laraba na Gasar Zakarun Turai, ka ga wasa 20 ke nan a wata, wajen GB 90. Yanzu duba nawa kamfanin layinka ke sayar da GB 90, tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Kuma ban lissafa uwargida da Arewa24 ba, ban lissafa yara da katun ba.

Sannan akwai abin da mutane ke mantawa. SuperSport, tashar wasanni ta masu DStv, ita ke da haƙƙin nuna Firimiya a Najeriya, saboda haka halastacciyar hanyar kallonta ta intanet ma gidansu take komawa, ta manhajar DStv Stream. Ko tsarin Firimiya na waya kaɗai da manhajar kallo ta Showmax ta fito da shi a Fabrairun 2024 ɗan gidan ne. Ka fita ta ƙofa ka dawo ta taga, ga kuɗin data a kai. Ni dai ga yadda nake gani: gwauron da ƙungiya ɗaya yake bi, a waya yake kallo, ya rage ingancin hoton zuwa 480p inda wasa ke cin kamar GB ɗaya da ɗan ɗoriya, to shi intanet zai fi masa. Mai iyali irinka ya bar farantinsa a kan rufi, ya sauko zuwa ƙaramin tsari, manyan wasannin da ba a sa masa ba ya taka zuwa gidan kallo.

Ina kallo a waya, amma sai in ji gidan kallon layinmu sun ɓarke da ihu, ni kuwa a wajena ƙwallon tana tsakiyar fili. Wayata ce ta lalace? (Mai goyon bayan Arsenal, daga Gombe)

Wayarka lafiya lau, ƙanena. Haka abin yake. Satalayit yana zubo hoto kai tsaye ga kowa a lokaci ɗaya. Intanet kuwa sai an yayyanka bidiyon gunduwa-gunduwa, kowane gutsure na 'yan daƙiƙu, sannan manhajar ta tara biyu ko uku a ajiye kafin ta fara nuna maka, don kada hoto ya tsaya idan sabis ya yi atishawa. Shi ya sa kake baya da rabin minti, wani lokaci har minti guda. Ba ka da maganinsa sai toshe kunne. Kashe sanarwar manhajojin sakamakon wasa, ka fita daga guruf ɗin abokanka na WhatsApp har a tashi. A matsayinka na ɗan Arsenal ma, wannan rabin mintin na kwanciyar hankali ai riba ce.

Wani abokina ya turo mini wata manhaja ta WhatsApp, tana nuna duk wasannin duniya kyauta. Da zan saka ta wayata ta ce akwai haɗari, sai na danna "ci gaba". Yanzu tana neman in ba ta wasu izini. In bayar? (Ɗalibi, daga Katsina)

Wayar ta ce maka akwai haɗari, kai kuma ka ce mata ta yi maka shiru. To madalla.

Wannan shafin ya fi shekara ina maimaita magana ɗaya, yau ma sai na sake. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanoni suna zuba maƙudan daloli kafin a ba su damar nuna waɗannan wasanni. Wani da ba ka san sunansa ba, ba ka san ƙasarsa ba, ya ɗauki nauyin manyan kwamfutocin da ke aiko maka da bidiyo dare da rana, bai karɓi ko sisi a hannunka ba. Kana zaton sadaka yake yi don neman lada? Wani wuri yake fanshewa. Mai sauƙin cikinsu shi ne wanda ke cika maka fuska da tallan caca da hotunan da ba za ka so mahaifiyarka ta leƙo ta gani ba. Mugun cikinsu shi ne irin wanda ke neman izini.

Duba izinin da take nema da kyau. Manhajar kallon ƙwallo me za ta yi da saƙonninka na tes? Me za ta yi da lambobin mutanen da ke wayarka? Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne izinin Accessibility. Android ta tanade shi ne don makafi da masu lalurar hannu, domin wata manhaja ta riƙa karanta musu abin da ke kan allo tana danna musu maɓalli. Ka ba ɓarawo wannan, ka ba shi ido da yatsa a cikin wayarka. Yana ganin lambar sirrin da kake bugawa a manhajar banki, yana karanta lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da banki ya turo maka, yana iya share saƙon kafin ka gani. Ana cikin bugun fenariti kana addu'a, shi kuma yana can yana aikinsa.

Na ga wannan da idona. Wani ɗan ƙanwata ya zo mini da safiyar wata Litinin, ko karyawa bai yi ba, ya miƙo mini waya hannunsa na rawa. Kuɗin makarantar da babansa ya tura masa ranar Juma'a sun fita a kashi uku cikin dare, zuwa asusun da bai taɓa jin sunansa ba. Muka shiga saitin wayar, sai ga manhajar ƙwallon nan zaune a jerin masu izinin Accessibility, da tambarinta na ƙwallo mai murmushi. Muka je cire ta, ta ƙi fita, domin ta naɗa kanta cikin masu kula da wayar, sai da muka fara tuɓe mata wannan rawanin. Bankin ya karɓi ƙorafi, ya ba shi takarda ya cike. Garin neman gira aka rasa ido, kuma ƙungiyar tasa ma ci biyu aka yi mata a wasan.

Kada masu akwatin Android su ce wannan ba ta shafe su ba. Waɗannan ƙananan akwatuna marasa suna da ake sayarwa a kasuwa, mai shago yana rantse maka cewa akwai tasha dubu a ciki har abada, wasunsu da cuta, wato muguwar manhaja, suke fitowa tun daga masana'anta. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wata cuta mai suna BADBOX 2.0 da ke zaune a cikin irin waɗannan na'urori, tana mayar da intanet ɗin gidan mutum hanyar da 'yan damfara ke bi suna ɓoye sawunsu. Datarka ce ke ƙonewa, kuma idan an bi sawu ƙofarka za a tarar. "Har abada" ɗin ma ba ya wuce ranar da aka rufe tushen. Streameast, ɗaya daga cikin manyan shafukan satar wasanni a duniya, an rufe shi a 2025 bayan wani samame a Masar. Duk wanda ya biya wani kuɗin shekara a kan irin wannan hanya, ranar da ta mutu ba shi da ofishin da zai kai kuka.

Abin da za ka yi yau, ba gobe ba: kada ka ba da izinin, cire manhajar, ka kunna Play Protect, mai gadin da ke cikin Play Store, ya bincika wayar, ka canza lambar sirrin bankinka da ta imel daga wata wayar daban. Na san wasunku ko na shekara ina wa'azi sai sun saka. To aƙalla ku saka a tsohuwar wayar da babu layi, babu banki, babu hotunan iyali a cikinta. Ban ce halas ba ne, dokar haƙƙin mallaka tana nan, cewa na yi kada ku haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya.

Yayana yana Landan. Idan ya ba ni asusunsa na yi amfani da VPN, manhajar da ke nuna kamar a wata ƙasa nake, zan samu duk wasannin Firimiya? (Ma'aikaci, daga Kaduna)

Ba za ka samu ba, don shi ma bai samu ba. A Ingila akwai tsohuwar ƙa'ida da ta hana nuna ƙwallo kai tsaye ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, wai don mutane su riƙa zuwa filin wasa. Sauran wasannin kuma an raba su tsakanin Sky Sports da TNT Sports, kowa da kuɗinsa. Mai zaune a gidan kallo a Tudun Wada ya fi mazaunin Manchester ganin wasannin Firimiya, domin duk 380 ɗin ana nuna su a nan. Ƙari a kan haka, kamfanonin suna gane adireshin VPN suna toshewa, kuma asusun yayanka ne zai shiga matsala. Bar shi ya turo maka kuɗin wata kawai.

Da an fara ruwan sama hoton farantina yake ɗaukewa. Idan na sayi Starlink, intanet ɗin nan na satalayit, na huta? (Ɗan kasuwa, daga Maraɗi)

Alhaji, za ka rage wahala, ba za ka rabu da ita ba. Farantinka yana sauraren tauraron da ke nisan kilomita kusan 36,000, Starlink kuwa nasa suna kewayawa a wajen kilomita 550, amma dukansu sai saƙon ya ratsa hadari, kuma ruwa mai ƙarfi yana raunana shi. Ribar Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023 ya iso Nijar a 2025, ita ce a tsarinsa na gida ba a yi maka awon tiya, lissafin da na yi wa mutumin Zariya bai shafe ka ba. Sai dai intanet kawai yake ba ka, ba ya zuwa da ƙwallo. Kuɗin Canal+, masu nuna muku ƙwallo, na nan yana jiranka, ga na'urar na son wuta a tsaye. Idan ba ka da sola ko inbata, fara da su. Kafin nan ma kira mai gyara ya duba saitin farantin. Sau da yawa iska ce ta ɗan karkatar da shi, shi ya sa ko yayyafi yake kayar da shi.

Rauta, na'urar Wi-Fi, tana ɗakina, talabijin yana falo, hoto sai ya riƙa tsayawa yana juya zobe. (Daga Jos)

Sayi wayar LAN, wato kebul ɗin intanet, ka haɗa su kai tsaye. Bangon bulo biyu ya isa ya kashe Wi-Fi. Idan matarka ta ce wayar ta ɓata mata ado, bi da ita ta bayan labule.

Ɗana ya karɓi wayata ya kalli wasa ɗaya, datar da nake wata guda da ita ta ƙare kafin magariba. (Wata uwa, daga Sakkwato)

Hajiya, manhajar tana kan saitin da ke zaɓar hoto mafi kyau da kanta, shi ya shanye miki. A shiga saitinta a mayar da shi 360p ko 480p, a ƙaramin allon waya ba zai ga wani bambanci ba. Ki kuma sa wa wayar iyakar data a saitinta yadda za ta yanke da kanta idan an kai. In ya yi ƙorafi, ki miƙa masa rediyo da batir biyu.