"I couldn't care less": ko oho ɗin Turawa

Tambaya: Malam, ina sarin kaya a Guangzhou. Wani abokina ɗan ƙasar Sin mai koyon Turanci ya ji ana cewa "I couldn't care less", ya kuma ji wani ya ce "I could care less". Ya tambaye ni wanne ne daidai, na rasa ta cewa.

Amsa: Alhaji, duka biyun abu ɗaya suke nufi: ko a jikina, wai an tsikari kakkausa. Ta farkon ita ce ta asali, daga Ingila ta fito, ta yi tashe wajen shekarun 1940. Mai maganar yana nufin damuwarsa ta riga ta kai ƙasa ƙwarai, babu sauran abin da za a rage.

Ta biyun Amurkawa ne suka yar da "not" ɗin, ta bazu a bakinsu daga shekarun 1960. In ka bi ta kalma-kalma sai ta ba da akasin ma'anar, shi ya sa malaman nahawu ke ta ƙorafi. Amma ƙamus ɗin Merriam-Webster ya karɓi duka biyun. Ni dai ta farkon nake koyarwa, don babu inda za a yi maka gyara a kanta.

Da Sinanci ka ce masa "wo yidian ye bu zaihu", wato ban damu ba ko kaɗan.

Inda nake so ka ja masa kunne shi ne nan. Sinawa na da "suibian" da "dou keyi", da suke faɗa cikin ladabi in an ba su zaɓi, kamar yadda za a tambayi baƙo shayi ko kunu ya ce "kowanne ma ya yi". Ɗalibai da yawa sai su juya wannan zuwa "I don't care", wasu har su ƙara gishiri da "I couldn't care less", suna zaton ƙwarewa ce. Ka duba: abokin ciniki ya tambaye shi, a loda kwantena ranar Litinin ko Talata, shi kuma ya amsa da haka yana murmushi. Abin da mutumin zai ji shi ne "kai ta shafa, can ta matse maka".

A irin wannan wuri "I don't mind" ko "either is fine" ake cewa. "I couldn't care less" kuwa a bar ta sai ana hira da abokai, ana maganar tsegumin maƙwabta ko wasan ƙwallon da bai dame shi ba. Kada ya kuskura ya faɗa wa maigidansa ko malaminsa, kada kuma ta shiga saƙon kasuwanci.