Tambayi Likita: "Watansa 22 ko Mama bai ce ba"

Likita jaririna sati uku ne aka ce in kawo shi gwajin ji, bai yi ƙanƙanta ba?

Bai yi ba. Ɗan abu ne ake saƙala masa a kunne yana barci, minti kaɗan an gama, ba zafi. Ki kai shi kafin ya cika wata ɗaya.

Assalamu alaikum likita, ɗana watansa 22 ko Mama bai ce ba, in an buga ƙofa baya juyowa, surukata tace linzami ne a kira wanzami, wai babansa ma sai da ya shekara uku ya fara magana, yanzu ruwan albasa take ɗiga masa a kunne.

Wa'alaikumussalam. Baiwar Allah dan Allah a daina ɗiga masa komai, kuma kar a bar wanzami ya taɓa harshen yaron nan. Wallahi abin nan yana ɓata min rai, a yanka yaro ya yi ta zubar da jini alhali matsalar ba a baki take ba. Yaron da baya juyowa in an buga ƙofa kunnensa ake dubawa.

Ki gane, kunne ɗan aike ne kawai, ƙwaƙwalwa ce ke ji. Ɓangarenta na ji, da sauti yake ginuwa tun yaro yana goye yana jin hirarku da kiran sallah da ƙarar turmi, toh in sautin baya isowa, ɓangaren nan baya zama haka nan yana jira, a hankali gani da taɓawa sai su mamaye shi. Shi yasa ake so a tabbatar da kurumta kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6.

In da sauran ji, na'urar da ake maƙalawa a kunne tana iya wadatarwa. In kuma babu, akwai wadda ake dasawa da tiyata, siririyar waya ake zurawa cikin katantanwar kunne, wato wani ɓangare can cikin kunne mai siffar katantanwa, ta riƙa taɓa jijiyar ji da lantarki. Bincike ya nuna yaran da aka dasa wa kafin shekara uku da rabi ƙwaƙwalwarsu ta fi kamawa, bayan shekara 7 kuwa ko na'urar tana aiki koyon magana yana wahala sosai. A Amurka tun wata 9 ma ana dasawa. Eh na sani tana da tsadar gaske, kuma bayan tiyatar sai an yi shekaru ana koya masa saurare.

Amma ko yau ku fara maganar hannu da shi, duk gidan. Bata hana magana, abin da ke cutar da ƙwaƙwalwa shine yaro ya tashi ba yare ko ɗaya. Ki kai shi wajen likitan kunne satin nan, a asibitin koyarwa mafi kusa ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa dake Kaduna. Satin nan nace, kar ki jira ya shekara uku.

Likita 'yata ta warke daga sanƙarau amma kaman bata ji sosai.

Ki gaggauta kai ta wajen likitan kunne. Bayan sanƙarau katantanwar kunne tana iya toshewa da ƙashi cikin 'yan watanni, dashen na'urar ya zo ya gagara.

Mijina ɗan baffana ne, 'yarmu ta fari kurma ce, ina da ciki yanzu.

In irin gadon da ku biyun kuke ɗauke da shi ne, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. Allah ya sauke ki lafiya, kina haihuwa a gwada jin jaririn, kar a jira sai an ga alama.