Amsa: Yatsun ɗana sun kumbura bayan an sa masa filasta

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce jiya aka sa wa yaron filasta a hannu saboda karaya, yau yatsunsa sun kumbura, yana ta kuka ko an ba shi magani.

Ɗan kumburi a kwana 2 ko 3 na farko ba abin tsoro ba ne, a ɗora hannun kan matashi ya ɗara ƙirjinsa tsayi. Kukan nan da magani bai kwantar ba shi ya dame ni. Danna farcensa ki saki: ya kamata jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ki miƙar da yatsun a hankali. Idan ya ƙwalla ƙara, ko yatsun sun yi sanyi, sun yi fari, ko ya ce ba ya jin su, ki mayar da shi asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne. Naman da ya kumbura a cikin filasta ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini, kuma cikin 'yan awoyi tsoka na iya mutuwa, hannun ya ƙandare.

Ƙashin kam kada ki damu, na yara yakan haɗe cikin mako 4 zuwa 6.